Maɗacin Ƙofar Baba Jibo

Salamatu ba ta zama ƙarƙashin itace. Ko a tashar mota, mutane na cunkushe a inuwa suna jira, ita tana can gefe cikin rana, ta ja mayafi ta rufe kai. Mijinta Illo ya yi mata tsiya har ya gaji ya ƙyale ta.

Abin ya samo asali tun tana yarinya a ƙauyensu, can ƙasar Tawa. Wata rana a farkon damina uwarta ta ɗora mata ƙwaryar fura ta kai wa babansu gona, ƙanenta Buba ya maƙale sai ya bi ta. Suna tsakiyar hanya hadari ya taso daga gabas, jajawur. Suka ruga gindin wani babban gawo suka raɓe. Iska ta fizge faifan da aka rufe furar da shi, Salamatu ta ajiye ƙwarya ta bi shi da gudu. Tana sunkuyawa ta ɗauka ta ji ƙara a bayanta, irin kukan tsohon ƙyaure in an tura shi a hankali, sai ƙasa ta girgiza. Da ta juya, reshe ne kwance inda ta bar Buba. Ƙafarsa ɗaya kawai take hange. Maza suka zo da gatura, amma kafin su ɗaga reshen rai ya yi halinsa.

Tun daga ranar, in ta dubi itace ba inuwar take gani ba, nauyin da ke sama take gani.

Da aka yi mata aure Illo ya kawo ta Yamai. Direban kamiyo ne, babbar motar kaya, kwanansa a hanya ya fi na gida yawa. Ya kama musu ɗaki a Zongo, gidan wani dattijo Bazabarme da kowa ke kira Baba Jibo. Ranar da suka iso ta tsaya a ƙofa ta kasa shiga. Wani maɗaci ne a bakin titi, jikin katanga, wanda mutum biyu ba su rungume shi. Ɗaya daga cikin manyan rassansa ya tsallake katangar ya miƙe daidai kan kwanon ɗakin da aka nuna mata.

"Illo, babu wani ɗakin?"

"A Zongo? Ki gode wa Allah da muka samu wannan."

Ta shiga. A ɗakin ta haifi ƴarta Ramatu, nan kuma ta dawo da keken ɗinkinta bayan gobara ta cinye Babbar Kasuwa. Ta saba, irin sabon da mutum ke yi da ciwon haƙori. Ta ja gadonta zuwa bangon da ya fi nisa da reshen, kuma duk ranar da hadari ya haɗu takan goya yarinyar ta tafi ɗakin maƙwabta da sunan hira.

Shi kuwa Baba Jibo, maɗacin nan kamar ɗan'uwansa ne. A Gamkalle ya tashi, bakin kogi, cikin lambun mahaifinsa. Yakan ce shi bai san ranar da ya koyi hawan mangwaro ba, kamar yadda bai san ranar da ya koyi tafiya ba. In ya yi laifi yana yaro, sama yake gudu, ya zauna cikin ganye har fushin tsohon ya huce. Saboda maɗacin ya sayi gidan Zongo. A gindinsa yake shimfiɗa tabarma, nan yake alwala don ruwan ya shiga saiwa, nan yake karɓar baƙi.

Sai damina ta ƙi. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, mutanen arewa suka yi ta kwararowa Yamai da ragowar dabbobinsu. Kogi ya janye har yara na tsallaka shi da ƙafa. Masu ciwon ciki da masu zazzaɓi, waɗanda ba su da halin zuwa likita, suka riƙa ɗaye ɓawon maɗacin suna jiƙawa. Baba Jibo ya naɗe gindin da waya, ya yi faɗa, ya yi roƙo, duk a banza. Kafin zafin bazara ya kai gaɓa, rabin itacen ya bushe, kuma rabin da ya bushe shi ne na wajen ɗakin Salamatu.

Ganye ya fara zuba kan kwano, daga baya ƙananan tsinkaye. Wata rana da azahar tana ɗinka rigar wata amarya, Ramatu na barci a tabarma, ƴar iska ta gitta, sai ta ji ƙarar. Tsohon ƙyaure. Ƙafarta ta tsaya cak a kan keke. Ba ta san lokacin da ta suri yarinyar ta fito tsakar gida ba, ko kallabi babu a kanta.

Da ta samu numfashi ta je wurin mai gida, ta durƙusa a gefen tabarma.

"Baba, reshen nan ya mutu. A sare shi."

Ya ɗaga kai ya duba, ya daɗe yana dubawa.

"Bai mutu ba, uwar Ramatu. Ƙishirwa yake ji, kamar mu. In Irkoy, Ubangiji, ya kawo ruwa za ki ga ya tsiro."

"Yana kuka, Baba. Na ji shi."

"Itace na kuka tun kafin a haife ki." Ya waiwaya hagu da dama, ya sassauta murya. "Kuma ke ba ki jin radiyo? Wa zai ɗora gatari kan itacen bakin titi a wannan zamani?"

Tana ji. Soja ke mulki, kuma kullum radiyo na faɗa cewa hamada na tahowa, wanda ya sare itace ya buɗe mata ƙofa. Ana raɗe-raɗin cewa a wata unguwa an tafi da wani mutum saboda ya sare bedi, wato darbejiya, a cikin gidansa na kansa. Wasu sun ce tara aka ci shi, wasu sun ce har yanzu yana kaso. Ba mai tambaya da ƙarfi, don ba ka san wanda ke kai rahoto ba, ko mai shayi ne, ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci.

"To a nemi izini," in ji ta.

"In na kira su, ba reshe kaɗai za su duba ba. Mutanen buro, ofishin gandun daji, in sun zo, sun zo ke nan. Ki yi haƙuri, ƴata."

Illo na can hanyar arewa da lodin hatsin taimako, ba wanda ya san ranar dawowarsa. Salamatu ta daina ɗinki a ɗaki. Ta fito da keken tsakar gida, tana aiki cikin rana, idonta rabi kan allura rabi kan reshen. Ta rame. Ko tsuntsu ya sauka kan kwano sai ta zabura.

A bayan katangar gidan akwai wani makiyayi da ya kafa ƴar bukka da buhuna, sunansa Mutari. Daga arewa ya zo da matarsa. Garke guda ya baro a hanya, abin da ya iso Yamai da shi awaki biyu ne. Salamatu ta sha ganinsa da sassafe yana hawan itatuwa kamar ƙadangare, yana tsinko wa awakin ɗanyen ganye a ɓoye. Ta kira shi ta nuna masa reshen.

Ya girgiza kai. "Uwar ɗaki, tsinkar ganye daban, sara daban. In aka kama ni, wa na sani a garin nan?"

"Ran Juma'a, in maza sun tafi masallaci. Titi ba kowa. Akwai gero a ɗaki, zan ba ka."

Ta ga maƙogwaronsa ya motsa da ta ambaci gero.

"Allah ya yafe mana sallar," ya ce.

Ran Juma'a Baba Jibo ya sa farar rigarsa ya fita. Titi ya yi tsit. Mutari ya hau da gatarinsa a kafaɗa, ya ɗaura igiya a reshen ya zarga ta a wani na sama, don kada ya faɗa kan kwano. Salamatu ta tsaya a bayan ƙyauren zaure, Ramatu a gefenta, tana leƙe ta tsaga.

Abin da ba ta yi tunani ba shi ne ƙarar. Busasshen itace ba ya ɓoye sara. Kowane bugu sai ya tafi har ƙarshen titi ya dawo, kamar ana buga ganga a unguwar da kowa ya yi shiru. Ta so ta ce masa ya bari, ta so ta ce ya yi sauri. Gumi na bin bayanta.

Ya ci rabin reshen ke nan wata mota mai launin ƙasa ta shawo kwana a hankali ta tsaya. Mutum biyu suka fito cikin kaki. Ba su yi tsawa ba. Ɗaya ya ɗaga kai, ya yi alama da yatsa. Mutari ya sauko, ya zame a ƙarshe ya faɗi zaune.

"Wa ya sa ka?"

Salamatu ta toshe bakin Ramatu da tafin hannu. Ta ga Mutari ya juyo da ido wajen ƙyauren, daidai tsagar da take leƙe, sannan ya mayar ƙasa.

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Awakina ke jin yunwa."

"Awakinka busasshen itace suke ci?"

Suka karɓi gatarin, suka tura shi bayan mota, suka tafi. Ita tana nan tsaye. Sai da Ramatu ta cije ta sannan ta tuna ta saki bakin yarinyar.

Yanzu reshen na nan a saman ɗakinta, rabi a sare, igiya guda ke taimakonsa, kuma babu mahaluƙi a Zongo da zai yarda ya taɓa shi.

Baba Jibo ya dawo daga masallaci ya tarar da ɓarɓashin itace a kan wurin tabarmarsa. Ya ɗauki guda ya shinshina, ya ɗaga kai. Bai tambayi kowa ba. Ya shigo tsakar gida ya tsaya a gabanta.

"Na ce ki yi haƙuri."

Ta durƙusa, kuka ya ƙwace mata. Cikin kukan ta ba shi labarin gawo da faifai da ƙafar Buba, abin da ko Illo bai taɓa jin sa dalla-dalla ba. Tsohon ya saurara har ta gama. Ya zauna kan turmi.

"Shekara da shekaru kina kwana ƙarƙashinsa da wannan a cikinki," ya ce. "Ni kuwa ina cewa ba ki son sharar ganyensa ne."

Kafin la'asar matar Mutari ta jawo awakin biyu ta zauna a ƙofar gidan. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta zauna kawai, duk mai shiga da fita sai ya tsallake igiyar awakinta. Salamatu ta kai mata tuwo, ta karɓa ta ajiye a gefe. Haka Asabar, haka Lahadi. Maƙwabta suka daina shigowa karɓar ɗinki. Duk motar da ta rage gudu a titi sai Salamatu ta leƙa ta tsagar ƙyaure, don ta san in aka matsa wa Mutari zai faɗi sunanta, kuma ba za ta ga laifinsa ba. In an tafi da ita, wa zai riƙe Ramatu?

Ran Litinin da safe ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mai kyau, ta kai yarinyar wurin maƙwabciya. Ta ce mata in ba ta dawo ba, a riƙe ta har ubanta ya zo. Tana fitowa ta ga Baba Jibo tsaye da sandarsa.

"Ba ki jin Faransanci," ya ce. "Mu je."

Buron yana can wajen manyan gine-gine, soja da bindiga a ƙofa. Aka zaunar da su kan benci a wani dogon baranda har rana ta yi tsaka. Ba mai yi musu magana. Can ciki ana buga keken rubutu, a tsaya, a ci gaba. Salamatu ta karanta duk addu'ar da ta sani, ta sake daga farko.

Da aka kira su, wani mutum ne siriri mai tabarau zaune bayan tebur. Baba Jibo ya fara da Faransanci, mutumin ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya dubi Salamatu ya yi Hausa, Hausar gabas.

"Ke ce mai ɗakin?"

"Ni ce."

"Makiyayin ya ce ba wanda ya sa shi."

Ta ga hanya a buɗe: ta ce haka ne, ta roƙa masa sassauci, ta koma gida. Sai ta tuna tuwon da ke ajiye a gefen matar Mutari.

"Ni na sa shi, ranka ya daɗe. Ya ƙi, na matsa masa da gero."

Mutumin ya cire tabarau ya goge.

"Kin san abin da doka ta ce?"

"Na sani."

"Kin sani, kika yi."

"Reshen zai faɗo kan ƴata."

"Kowa haka yake cewa. Wanda ke son itacen girki ma haka yake cewa." Ya mayar da tabarau. "Na fito daga garin da rairayi ya binne rijiyarmu, Madam. Da ina yaro akwai kurmi a wurin. Za mu zo mu duba. In ƙarya kika yi, ke da shi za ku san inda kuke."

Ba a tsare ta ba. Hukuncinta shi ne ban ruwa: kowace safiya ta je bayan gari inda aka dasa ƙananan bedi, ta yi ta ɗiba tana zubawa tare da sauran masu laifi irin nata, har ruwan sama ya sauka.

Washegari aka sako Mutari, an aske masa kai ƙwal, idanunsa sun faɗa. Ba wanda ya tambaye shi abin da ya gani, shi ma bai faɗa ba. Salamatu ta fito da geron, duk abin da ya rage a buhu. Ya karɓa, bai dube ta ba. Matarsa ce ta yi magana, karo na farko.

"Gatarin fa? Na ubansa ne."

Gatarin bai dawo daga buro ba. Kafin azahar sun kwance bukkar sun bar unguwar, Salamatu ba ta sake ganinsu ba.

Ma'aikatan buron suka zo da tsani da igiyoyi da zarto. Suka sauke reshen lafiya, bai taɓa kwano ba. Amma da ya sauka, ciki duk rami ne, gara ta cinye shi. Babbansu ya ƙwanƙwasa gindin itacen da ƙotar gatari, ya kasa kunne, ya sake ƙwanƙwasawa ta ɗaya gefen. Ya ce duka za a kayar, kafin damina ta kayar da shi kan mutane.

"Gefen nan da rai!" in ji Baba Jibo. "Ku duba ganye! Ku bar mini gefen nan!"

Ba wanda ya kula shi. Ya tsaya da sandarsa a tsakiyar titi tun daga saran farko har na ƙarshe. Salamatu ta shige ɗakin maƙwabciya ta danne kunnuwa da hannu biyu, duk da haka ta ji faɗuwar a ƙafafunta.

Ƙofar gidan ta zama fili fetal, rana na dukan katanga tun safe. Baba Jibo ya mayar da tabarmarsa cikin zaure. Baƙinsa suka ragu, don zauren ba ya ɗaukar mutane, ga zafi. Bai taɓa yi mata maganar ba. In ta gaishe shi yakan amsa, "Fofo, uwar Ramatu," kamar da. Ita ce ta kasa haɗa ido da shi. Ta yi ban ruwanta har damina ta sauka, kuma shekarar ruwa ya yi kirki. Da Illo ya dawo ya ji duk abin da ya faru, ta ce masa ita ba ta iya ci gaba da zama gidan. Suka koma wata sabuwar unguwa a gefen gari, inda babu ko kara tsaye, gida ɗaki biyu da katangar laka.

Nan ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba.

Bayan damina biyu, ranar dashen itace ta watan Agusta, ƴan samariya, ƙungiyar matasa, suka bi unguwa suna rabon dashe. Salamatu na tankaɗe sai ga Ramatu ta shigo da gudu, ta rungumo ɗan bedi cikin baƙar leda, ganyensa bai fi tafin hannu ba.

"Inna, nawa ne! Ni aka ba!"

"Mayar musu."

"Sun ce kowane gida sai ya dasa. Sun ce za su dawo su duba."

Salamatu ta ajiye rariya. Ta dubi ƙofa, ta dubi abin da ke hannun yarinyar. Ramatu ta ƙanƙame ledar a ƙirji, ƙasa na zubo mata a riga.

"A bakin ɗaki zan sa shi, in ya girma mu riƙa zama."

"A'a." Muryarta ta fito da ƙarfin da ba ta nufa ba, yarinyar ta ja da baya. Ta sassauta. "Zo in nuna miki."

Ta kai ta can ƙarshen gida, lungun da ya fi ko'ina nisa da ɗakunan, kusa da makewayi. Ta ɗauko fartanya ta haƙa ramin da kanta. Ramatu ta yaga ledar, ta zaunar da dashen, ta tattake ƙasa da ƴan ƙafafunta, ta ruga ta ɗebo ruwa a gwangwani.

"Inna, yaushe zai kai in hau?"

"Da saura," in ji Salamatu. "Je ki wanke hannu."